Ƙaiƙayin da Yaya Tabawa Ta Zubar

Godiya ta tabbata ga Wanda Ya halicci nauyi Ya halicci sauƙi, Ya ɓoye babba a cikin ƙarami, Ya bar bawa da zaɓi. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Bayan haka, ku gyara zama ku jingina da bangon nan tunda yau da ɗumi, ni kuma ku yi haƙuri da muryata, hanya ce ta cinye ta.

Sunana Mantau ɗan Korau, mutumin Kwarin Ɗumi, a duniyar da kakanninmu suka sa wa suna Zamharira. Duniya ce wadda fuska ɗaya kawai take ba rana. Wancan gefe ya ƙone, wannan gefe ƙanƙara ta rufe shi, mu kuwa muna cikin ƙanƙarar, inda rana take tsaye a bakin sama ja wur, ba ta hawa, ba ta faɗuwa, ba ta ɗumama kowa. Abin da ya riƙe mu shi ne Murhu. Rijiya ce mai zurfi a tsakiyar gari, cike da ruwa, ana jefa mata dunƙulen wani ƙarfe mai suna yuraniyom, ita kuwa ta tafasa ruwan, ruwan ya bi ta cikin bangaye da ƙarƙashin gonakinmu na cikin kogo. Ba hayaƙi, ba harshen wuta. Da shi muke noma gero, da shi muke barci.

Ba kai tsaye ake jefa ƙarfen ba. Kakanni sun bar mana Gidan Mazari, inda wasu dogayen mazarai na ƙarfe suke kaɗi da kansu ba tsayawa. A zuba garin dutsen ta sama, ya bi mazari bayan mazari, ya fito ta indararo biyu. Na dama yana zubo da mai yawa, shi ne ya fi nauyi. Na hagu yana ɗigo da ɗan kaɗan, shi ne ya fi sauƙi. Masu kula da gidan na asali annoba ta kwashe su tun zamanin kakar kakata, ba su bar wa kowa bayani ba. Da mazan gari suka tsaya cirko-cirko, sai matan sheƙa suka leƙa suka ce ai wannan ba wani abu ba ne, sheƙa ce. Kowace mace ta san mai nauyi shi ne tsaba, mai sauƙi shi ne ƙaiƙayi. Tun daga nan ƙwaryar dama ake kai wa Murhu, ƙwaryar hagu kuwa a juye ta a tulu a kai bayan gari, Ramin Ƙaiƙayi. Ba mai zuwa wurin sai Uwar Sheƙa, don ƙanƙara ba ta kama shi, an ce iskoki ne suke zaune.

A zamanina Uwar Sheƙa ita ce yayata Tabawa. Ta gaji aikin daga uwarmu, uwarmu daga tata uwar. Mace ce wadda ko shara ce sai ta jera ta. Alfaharinta ɗaya a duniya, tunda ta karɓi ƙwarya ko ƙwayar ƙaiƙayi ba ta taɓa faɗa wa Murhu ba. Duk da haka Murhu sai sanyi yake yi. Ruwan da kakarmu ta ce yana gasa ƙwai, mu muka tarar da shi na wanka, daga baya ya koma na alwala. Gero ya daina kai ƙugu. Tari ya shiga gari, ya kama har Delu, 'yar Yaya Tabawa guda ɗaya tilo.

Da gidaje suka fara ɗaure kaya, Maigari Shekarau ya tara mu ya ce a tura mutum ya nemo wanda ya san ciwon Murhu. Ni aka zaɓa. Ba don jarumta ba, don ni ne wanda in ya ɓace babu aikin da zai tsaya.

Na je yi wa Yaya sallama na tarar da ita durƙushe gaban indararo.

Ta ce, "Ashe dai za a sami ranar da lalacinka zai yi wa gari amfani."

Na ce, "Yaya, in mutane suka tashi kafin in dawo, ki bi su. Ki dubi Delu."

Ta ce, "Uwata a nan take kwance. Kuma in na tashi wa zai ba Murhu abinci? Ko ni kaɗai na rage ba inda za ni, ka sa wannan a ranka." Sai ta miƙo mini dunƙulen ƙarfe, bai fi ƙwan zabo ba, amma sai da hannuna ya yi ƙasa. "Ka nuna musu tsabarmu. Kada wani ya ce maka daga wurina matsalar take."

Na san Yaya. In ta ce ba ta tashi, ba ta tashi. Wato in Murhu ya mutu, da ita zai mutu. Da wannan na fita, kuma shi ya hana ni juyowa duk lokacin da ƙafata ta roƙe ni.

Na ƙetare Tekun Ƙanƙara a jirgin fatake, irin wanda ake kafa wa shimfiɗar fata iska tana tura shi. A ƙarƙashinmu ana hango kifaye daskararru, kowanne ya fi gidan Maigari, idanunsu a buɗe suna kallon sama. Da farko na yi ta salati. Daga baya na daina duba su. Gajiya takan kashe mamaki, duk wanda ya yi doguwar tafiya ya san haka.

Jirgin ya sauke ni a Birnin Mizani. Mutanen nan ba su yarda da komai ba sai awo. Tuwo da awo, gaisuwa da awo. Dokarsu kuwa, duk baƙon da zai shiga sai an ɗora shi a kan mizanin ƙofa da tufafin jikinsa, ranar fita a sake ɗora shi. In ya ƙaru, ya saci naman gari. In ya ragu, ya bar musu nasa, su kuma ba sa riƙe kayan wani. Ko ta ina dai ba fita sai awo ya yi daidai. Na ga baƙi a bakin ƙofar nan sun tsufa, wannan yana azumi, wancan yana ɗura kunu.

Na nemi Sarkin Awo, wani dogon dattijo mai suna Dogara, na zube na gaishe shi na ba shi dunƙulena. Ya sa aka yanko yuraniyom na dutsensu, wanda bai taɓa shiga mazari ba, daidai girman nawa. Ya ɗora su a wani mizani da ake rufe ɗaki a riƙe numfashi kafin a duba shi. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Baƙo, naka ya rinjayi namu da abin da bai kai gashin gira ba. An cire masa wani abu mai sauƙi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙaiƙayi ne. Aikin yayata ke nan." Wallahi har da ɗaga kafaɗa na faɗa.

Ya ce, "Ni awo na sani, dalili ba nawa ba ne. Ka je Dutsen Ƙwaya, can iyakar rana da ƙanƙara, ka nemi Goggo Sarai."

Sai dai kafin in sami ganinsa na daɗe a garin, tuwonsu kuwa na awo ne, na rame. Ranar fita na sha ruwa har sai da na ji shi a maƙogwaro, amma na san bai isa ba. To, kayan hannu ba a auna su, mutum kaɗai ake aunawa. Sai na zaro dunƙulen Yaya daga jaka na cusa shi a ƙarƙashin hula, na hau mizani wuyana yana rawa. Allurar ta yi lilo, ta yi lilo, ta tsaya a inda ta tsaya ranar shigata. Sarkin Awo yana tsaye. Ya dubi wuyana, ya dubi hular da ta yi tudu, ya ce, "Mizani bai yi magana ba, ni ma ba zan yi ba. Allah Ya kiyaye hanya."

Abin da na gani tsakanin nan da Dutsen Ƙwaya ba zan gajiyar da ku da shi ba. Takalmina ya ƙare, na ɗinka wani, shi ma ya ƙare. Na yi dako, na yi kiwon wasu dabbobi da har yau ban san sunansu ba. Na yi jinya a bukkar mutanen da ba na jin yarensu. Kullum in na farka sai in ce, Mantau, yau za ka koma. Sai in tuna da Yaya durƙushe gaban indararo, in ɗauki sanda.

Dutsen Ƙwaya ba dutse ba ne, gini ne, dunƙulalle, cikinsa rami. Na shiga na tarar da fili fetal, ba komai sai wasu fitilun ƙarfe suna gudu a kan da'ira, da'ira cikin da'ira har bakwai, can tsakiya ana hango ɗan ɗaki. Da'irar farko fitila biyu ce, na wuce abina. Ta biyu tara, na yi gudu. Ta uku ashirin da ɗaya, da ƙyar na sha. Ta huɗu kuwa talatin da biyu ne, suna bin juna ba sarari. Na sa ƙafa, ɗaya ta bangaje ni a kafaɗa ta watso ni baya. Na kwanta a nan na ce shi ke nan, wanda zai iya ya zo ya yi. Ina kwance sai na lura duk a saman ƙugu suke wucewa, ƙasa ba abin da ke taɓa ta. Sai na yi ja da ciki. Haka na wuce ta sha takwas, da ta takwas, da ta biyun ƙarshe, a kwance. Lalacin da Yaya take zagina a kai, shi ya fitar da ni.

A ƙofar ɗakin wata tsohuwa makauniya tana zaune tana dariya. Ita ce Goggo Sarai.

Ta ce, "Na ji jan ciki. Masu gudu ba su cika isowa ba. Shigo, ɗan nan, me ya koro ka?"

Na gaishe ta na kwashe labarin Murhu na faɗa mata, da mazarai, da indararo biyu. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce in fara sanin inda nake tukuna.

Ta ce, "Duk abin da ido ke gani, da ƙwayoyin zarra aka gina shi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya kama su. Ginin nan kwaikwayon ƙwaya ɗaya ce ta yuraniyom, mutanen farko suka yi shi don kada a manta. Fitilun da suka bangaje ka su ake kira ilaktiron, casa'in da biyu ne in ka haɗa. Filin da ka jawo ciki a kai kuwa ba komai ne ba, kuma haka cikin ƙwayar yake, yawancinta fili ne. Nauyin duka yana nan tsakiya. Miƙo hannu."

A gabanta masaki uku ne, kowanne da curin duwatsu jajaye da farare, manne da juna kamar curin fura. Ta sa ni ƙirga jajayen. Na ce mata na gaji. Ta ce ita ma. Na ƙirga. Masakin farko casa'in da biyu, na biyu casa'in da biyu, na uku ma haka.

Ta ce, "Jajayen su ne firoton, su ke ba abu sunansa. Duk inda ka ga casa'in da biyu, yuraniyom ne. Yanzu fararen, niyutiron, su ba su da ruwa da suna, nauyi kawai suke ƙarawa."

Na ƙirga. Na farko ɗari da arba'in da shida, na biyu ɗari da arba'in da uku, na uku ɗari da arba'in da biyu.

Ta ce, "To, ka ga 'yan ɗaki ɗaya. Mutanen farko aisotof suke ce musu. In ka haɗa ja da fari, babban ɗari biyu da talatin da takwas ne, na tsakiyan ɗari biyu da talatin da biyar, autan ɗari biyu da talatin da huɗu. Fuskarsu ɗaya, launinsu ɗaya, wuta ba ta raba su, ruwa ba ya raba su, sai nauyi kaɗai. In ka ɗebi dubu a cikin dutse, bakwai ne kawai na tsakiyan, sauran babban ne. Autan kuwa ka manta da shi, a dubu goma ma ba ka cika samun ɗaya ba."

Na ce, "Goggo, duk na ji. Wanne ne tsabar?"

Sai ta lalubo farin dutse guda ta gangara shi a hankali zuwa curin babban. Curin ya haɗiye shi ya yi shiru. Muka jira, ba abin da ya faru. Ta lalubo wani ta gangara shi zuwa na tsakiyan. Curin ya yi rawa, ya miƙe, ya dare gida biyu da ƙara, har na ji hucinsa a fuska, farare uku suka yi tsalle suka warwatsu a ɗakin.

Ta ce, "Ka ji wutar Murhunku. Waɗannan da suka yi tsalle, ruwan rijiyar yana rage musu gudu, su je su sami wani irinsa, shi ma ya dare, haka haka. Babban kuwa haɗiyewa yake yi ya yi zamansa. Mai haƙuri ne, sai ya yi shekara miliyan dubu huɗu da rabi kafin rabinsa ya narke. Ƙanen, wato na tsakiyan, miliyan ɗari bakwai ya ishe shi. Mazaranku don su tsamo ƙanen aka gina su. Ba ni abin da ka zo da shi."

Na ba ta dunƙulen. Ta kara shi a wata 'yar na'ura, ta kai kunne ta saurara.

Ta ce, "An wanke shi tas. Wa ya yi wannan aiki? Hannunsa bai san kuskure ba."

Na ce, "Yayata ce."

Ta mayar mini da dunƙulen a tafin hannu. Ban yi kuka ba, ban da ƙarfinsa. Abin da muke zubarwa da sunan ƙaiƙayi, shi ne tsabar. Ashe abin da kakanni suka bari a cikin rijiyar muke ci, muna binne shi da ƙwaryar dama, zuriya bayan zuriya, kowace Uwar Sheƙa tana ƙoƙarin ta fi ta baya tsafta. Wadda ta fi su duka kuwa ita ce Yaya.

Kafin in tafi Goggo Sarai ta riƙe hannuna ta ce, "Ramin nan naku ba iskoki ba ne. Ƙanen ne ya taru, ruwa ya same shi, yana ci a hankali. Kada kowa ya shiga, hucinsa yana kashe jini. In akwai wanda ke busasshen wuri, a ɗauko tulu ɗaiɗai, kada a haɗa biyu wuri ɗaya. A ba Murhu kaɗan, a jira, a ƙara kaɗan."

Komowa ta fi tafiya wuya, don yanzu na san abin da nake ɗauke da shi. Na kewaye Birnin Mizani ta baya, wuyana ba zai iya sau biyu ba. Na fita da baƙin gemu, na iso bakin Tekun Ƙanƙara da furfura. A nan, a kan wani tudu da ake hango kwarinmu daga nesa, na tarar da zango. Mutanenmu ne, da yaransu da tukwanensu. Maigari Shekarau yana zaune a kan buhu, ya shanye, da ƙyar na gane shi.

Na durƙusa na faɗa masa komai. Bai yi mamaki ba, bai yi musu ba, shi ma gajiya ta gama da shi.

Ya ce, "Mantau, ka ce mu ba Murhu ƙaiƙayi. To. Ba ni za ka faɗa wa ba, Tabawa za ka faɗa wa, tana can da tsofaffin da suka kasa tafiya. Mu dai muna nan har guzuri ya kai rabi. In mun ga tururi, mu dawo. In ba mu gani ba, mu yi gaba." Har na miƙe ya ƙara da cewa, "Ka yi mata gaisuwar Delu. Ta daɗe da rasuwa."

Na shiga gari ba kare ba kaza. Bangaye sun yi ƙanƙara ta ciki. Na tarar da ita inda na bar ta, durƙushe gaban indararo, sai dai bayan ya tanƙware, yatsun sun yi baƙi da sanyi. Ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Ka tsufa."

Na ce, "Yaya, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Delu."

Ta ce, "Amin. Me suka ce da tsabarmu?"

Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa, ban sami mai daɗi ba. Sai na tsinto tsakuwa na zauna a ƙasa na jera mata jajaye da farare, na nuna mata mai haɗiyewa da mai darewa, yadda Goggo ta nuna mini. Ta bi hannuna da ido har na gama.

Ta ce, "Kana nufin uwarmu ba ta san aikinta ba."

Na ce, "Ta san sheƙa, Yaya. Wannan ne ba gero ba."

Ta ce, "Ka yi yawon duniya ka dawo mini da tsakuwa."

Na ce, "Me ya sa ƙanƙara ba ta kama Ramin Ƙaiƙayi?"

Ta daɗe tana kallon ƙwaryar hagu. Da ta yi magana, ba da ni take ba sosai.

"Tun ina yarinya, in na raka Inna, nakan ji ɗumi a tafin ƙafa a hanyar nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, tsoron a ce iskoki sun taɓa ni. Lokacin da tarin Delu ya yi tsanani, sai na riƙa mayar da ƙwaryar dama cikin mazari ina sake sheƙewa, don Murhu ya sami mai kyau ya ɗumama mata ɗaki. Sau biyu nake yi, Mantau. Wani lokaci sau uku."

Tausayinta ya kama ni har na ji haushin Goggo Sarai, da Sarkin Awo, da ƙafafuna da suka dawo da ni. Na so in ce mata ƙarya nake yi. Amma Maigari yana kan tudu, guzuri yana raguwa.

Ita ta fara miƙewa. Ta ce, "Tashi. Zama ba zai dawo da kowa ba."

Na gaya mata gargaɗin Goggo, cewa ramin ba ya shiguwa. Ta ce wa ya ce da ni a rami take zubawa? Iyayen Sheƙa na da ne suke wurgawa ciki, ita ba ta iya ganin ƙazanta. Ta kai ni wani busasshen kogo a gefen hanya, nesa da ramin. Tuluna ne a jere, layi-layi, kowanne an toshe bakinsa da yumɓu, tsakanin wannan da wancan taku mai kyau don ta sami wurin shara. Ƙaiƙayin duk shekarun aikinta ke nan, ko ɗigo bai zube ba.

Muka ɗauko ɗaya da gora a tsakaninmu, tsoho da tsohuwa, muna hutawa a hanya. A bakin rijiya na miƙa hannu zan zuba, ta ture ni. Ta ɗebi kaɗan da ludayi mai dogon hannu, ta juya fuskarta gefe kamar mai ba yaro magani mai ɗaci, ta zuba. Muka jira. Muka ƙara kaɗan. Muka koma muka ɗauko wani. Ban san sawu nawa muka yi ba, na dai san akwai lokacin da na jingina da bango don in huta, na ji bayana ya jiƙe. Ƙanƙarar ce take narkewa. Can ƙasan rijiya wani haske shuɗi ya bayyana, ruwan ya fara motsi, tururi ya tashi ya bi bututu ya fita sama.

Waɗanda suka dawo ba su kai rabi ba. Wasu ba su iya jira ba, sun yi gaba tun kafin tururin, har yau ba mu ji ɗuriyarsu ba. Maigari ya dawo a kan kafaɗun mutane. Ba wanda ya ce wa Yaya uffan, ita ma ba ta nemi kowa ya ce ba.

Bayan an natsa na leƙa Gidan Mazari na tarar da ita tsaye da ƙwaryar dama a hannu, ta yi rabin hanyar Murhu ta tsaya cak. Ta dawo ta ajiye, ta ɗauki ta hagu, ta sake ajiyewa.

Ta ce, "Sau uku ke nan yau. Kaina ya ji, hannuna ya ƙi. Wata rana zan zuba ban sani ba."

Na ce, "A sa wata ta karɓe ki, Yaya, ki huta."

Ta ce, "In huta in yi tunanin me?" Ta dubi indararon nan biyu. "Ka sauya musu wuri. Mai sauƙin ya riƙa fitowa ta dama. Kada ka gaya mini ranar da ka yi."

Na kira maƙeri muka karkata bututun, ba ta nan. Ɗumin da kuke jingine da shi yanzu daga nan yake. Iyakar abin da na gani ke nan, in na ƙara ko na rage Allah Ya yafe mini, ku ma ku yafe. In kun fita ta Gidan Mazari za ku gan ta, ku gaishe ta kawai ku wuce. Ƙwaryar dama take kai wa Murhu, yadda Inna ta koya mata, sai dai yanzu 'yar kaɗan ce, da hannu ɗaya take ɗauka.